Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu shirya gasar Interior Design Masters: ku koma ku duba ɗakunan bayan shekara guda

Zuwa ga masu shirya Interior Design Masters, gasar tsara cikin gida, da shugabannin sashen talabijin na BBC,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da ma'aikatanku baki ɗaya. Ni mace ce mai ɗinkin labule da sabunta rigar kujeru a Manchester, sana'ar da nake ci da ita yau shekara goma sha huɗu. Da Hausa na rubuto muku domin da ita nake tunani, kuma gidanku yana da sashen Hausa tun 1957, ba za a rasa mai karanta muku ba. Ina biyan kuɗin lasisin talabijin duk shekara kamar sauran gidaje, wanda ya kai fam 174.50 a Afrilun 2025, don haka ina ganin ina da bakin magana a kan abin da ake yi da shi.

Tun farkon shirin nan nake kallonsa, a 2019, lokacin yana tashar BBC Two, Fearne Cotton na gabatarwa. Na bi shi sa'ad da Alan Carr ya karɓa a 2021, na kuma bi shi da ya koma BBC One a shekarar da ta biyo baya. Mutum goma ake farawa da su. Kowane mako a ba su wuri, yau shago, gobe ɗakin otal, jibi wurin gyaran gashi ko masaukin ɗalibai, a ƙayyade musu kuɗi, a ba su kwana biyu a wurin aikin. Waɗanda aikinsu bai gamsar ba a kira su kan doguwar kujerar nan gaban babbar alƙaliyar gasar, Michelle Ogundehin, a sallami ɗaya. Daren da ake saka shirin ba na taka keken ɗinki komai yawan aiki, ni da ƴata muke zama mu kalla har ƙarshe.

Kuma kun yi abin yabo, ba zan ɓoye ba. Sana'ar tsara cikin gida a Ingila ta daɗe a hannun masu hali da masu sanayya, ɗan talaka ba ya ma sanin ta inda ake shiga. Ku kuka buɗe ƙofar. Cassie Nicholas, wadda ta ci zangon farko, tsofaffin kaya take sayarwa. Banjo Beale, wanda ya ci a 2022, ɗan Ostireliya ne da a lokacin yake zaune a tsibirin Mull a Scotland, kuma ya nuna wa jama'a cewa abin da wani ya yar yana iya zama adon ɗaki idan ya samu ido da hannu. Kyautar ma ba kofi ba ce da za a ajiye a kanta, kwangilar aiki ce ta gaske. Ƴata ta fara zana ɗakuna a bayan littafin makaranta saboda ku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne lokacin da kuke yanke hukunci. Alƙalai suna shiga ɗaki ne a ranar da aka gama shi, fenti bai gama shan iska ba, matasan kujera a tsaye kamar ba za a taɓa jingina da su ba, fure sabo a kan tebur. A wannan sa'ar ake cewa wance ta iya, wane bai iya ba. Daga nan kyamara ta tattara ta tafi, mu masu kallo kuma ba mu sake jin labarin wurin.

A Kano inda na tashi, ranar da ake wa amarya jere duk ɗaki kyakkyawa ne. Gwaggonni da innoni su kwana suna jera kwanuka da tasoshi a kabad, a shimfiɗa gado, a rataya labule, ƴan ganin ɗaki su shigo suna sa albarka. Amma babu wata dattijuwa da take auna ɗaki da wannan ranar. Sai an yi damina ɗaya an yi hunturu ɗaya, sai an yi haihuwar fari yaro ya fara rarrafe yana jan duk abin da hannunsa ya kai, sannan ake sanin kafintan da ya yi gadon mai amana ne ko a'a, a san ko labulen ya jure wanki, a san ko akwai wurin shimfiɗa tabarma idan baƙi sun zo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ranar tarewa bai riga ya sani ba. Mahaifiyata tana cikin matan da ake kira jere a unguwarmu, kuma na sha ganin ta koma gidan amarya bayan wata biyu ko uku ta sa an sauya wa kabad wuri, saboda ta lura yana tare iskar taga. A wajenta aikin bai ƙare ba sai mai ɗaki ta zauna ta ji daɗin zama.

Bari in faɗa muku abin da kwana biyu ke nufi a wajen mu masu aikin hannu. Labulen kirki yana cin yadi ninki biyu zuwa biyu da rabi na faɗin taga. Ana yi masa shafi, a gidajen da sanyi ke shiga ta tagogi har a sa masa wani bargo mai laushi tsakanin yadin da shafin. Idan yadin mai nauyi ne, ina rataye shi ya kwana biyu ko uku kafin in yi kalmasar ƙasa, domin yadi yana saki, wanda aka kalmashe da gaggawa kuwa bayan wata guda za a ga gefe ɗaya na jan ƙasa. Sabon filasta yana buƙatar kwanaki, a lokacin sanyi har fiye da mako, kafin ya karɓi fenti, in ba haka ba fentin ya kumbura ya ɓare. Shi kansa fenti yana bushewa a taɓa cikin ƴan sa'o'i, amma ƙarfinsa ba ya kamawa sai bayan makonni. Allon garin katako da ake yawan yin kanta da shi saboda araha, da ruwa ya taɓa bakinsa sai ya kumbura kamar burodi. Kujerar da aka ja wa sabon yadi aka harba masa ƙananan ƙusoshi ba tare da an duba soso da igiyoyin ƙasa ba, za ta yi kyau a hoto, ta lotsa kafin shekara. Duk mai sana'a ya san wannan, kuma na tabbata ma'aikatan da kuke ɗauka sun sani. Mai kallo ne kaɗai ba a faɗa wa.

Gidanku ya taɓa ganin inda gaggawa ke kaiwa. A tsohon shirinku na gyaran ɗakuna, Changing Rooms, wanda aka yi daga 1996 zuwa 2004, shi ma kwana biyu ake bayarwa. A can ne aka rataya wasu kantoci da igiya aka jera musu tarin butocin shayi na wata baiwar Allah, kantocin suka rufto, abin da ta daɗe tana tarawa ya zama tsingaro. Har yau mutanen ƙasar nan suna tuna wannan ranar. Wancan ya faru ne kyamara na nan, shi ya sa aka gani. Wanda ke faruwa bayan wata shida a shagon wani mai aski, ko a ɗakin cin abincin wata mata da ta ba ku amanar wurin neman abincinta, babu mai nuna mana shi, ko alheri ne ko akasinsa.

Wannan darasin yana biyo mu har shago. A bara wata mata ta zo min da hoton ɗaki a wayarta, tagogi biyar, tana so a gama kafin ƙarshen mako. Da na ce mata sai mako uku, sai ta ce ai a talabijin kwana biyu ake gyara otal sukutum. Na zaunar da ita na nuna mata yadda ake yi, ta saurara da mutunci, amma ta tafi wajen wanda ya ce zai iya. Bayan wata huɗu ta dawo da labulen a jaka, shafin ya tsuke ya ja yadin ya yamutse, kuɗinta sun tafi, yadin ma an riga an yanka shi ba ya gyaruwa. Ban ji haushinta ba ko kaɗan. Abin da aka koya mata ta yi aiki da shi.

Akwai kuma abin da ya fi asarar kuɗi. A Birtaniya doka ta kare sunan mai zanen gine-gine, ba mai kiran kansa da shi sai wanda ya yi rajista. Mai tsara cikin gida kuwa ba haka ba ne, kowa na iya buga kati gobe da safe ya ce shi ne. Wannan ya sa shirinku ya zama makaranta ga matasa da yawa, ko kun yi niyya ko ba ku yi ba. Wani saurayi mai hazaƙa, wanda ya samu aikin gyara wani ƙaramin gidan shayi, ya kawo min yadi mai kyau ƙwarai a ɗinka masa labule da rigar benci. Na tambaye shi ko yadin na cikin waɗanda ba sa saurin kama wuta, domin wurin taruwar jama'a ne. Bai taɓa jin ana tambayar haka ba. Yaron kirki ne, ya koma ya sauyo, har ya yi min godiya. Amma ya kalli kowane kashi na shirinku, ya san sunayen launuka fiye da ni, bai san cewa tun 1988 akwai dokar da ta wajabta wa kujerun gida masu soso jure wuta ba, dokar da ta sa shagunan sadaka ba sa karɓar kujerar da aka cire wa takardar shaidarta. Bai san cewa tun 2014 aka tsaurara ƙa'idar igiyar makarin taga saboda ƙananan yara da take shaƙewa ba. Bai san cewa silin mai kaushi na tsofaffin gidaje yana iya ƙunsar asbestos, ma'adinin da ƙurarsa ke cutar da huhu, wanda ba a haramta shi gaba ɗaya a ƙasar nan ba sai 1999, ko cewa goge tsohuwar ƙofa da takardar yashi na iya tayar da ƙurar fenti mai dalma. Ƙasar da ta ga gobarar benen Grenfell da ke London a Yunin 2017, inda mutum 72 suka rasu bayan an lulluɓe ginin da kayan da ke cin wuta, ba ta da uzurin koya wa ƴaƴanta ado ba tare da wannan ba. Minti biyu a kowane kashi ya isa.

Sai maganar masu hannu. Kowane ɗan takara kuna haɗa shi da kafinta da mai fenti. Muna ganinsu suna wucewa da tsani, muna ganin bayansu a durƙushe suna yanka katako, wani lokaci a ji an kira sunan ɗaya ana roƙonsa ya yi sauri. Idan aka zo buɗe ɗaki kuwa sun ɓace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kowa ya sani, amma yabon yana tafiya wuri ɗaya. Ba kishi nake da ƴan takara ba, su ma suna shan wahala, na ga masu kuka saboda gajiya. Abin da nake cewa shi ne mutumin da ya kafa kantar ya fi kowa sanin ko za ta ɗauki nauyi, kuma ya fi kowa sanin wane ɗan takara ne ya kawo awo daidai, wane ne ya sauya ra'ayi sau uku bayan an yanka allo, wane ne ya iya magana da ma'aikaci cikin girmamawa. A aikin gaske waɗannan su ke raba mai tsarawar da za a sake kira da wanda ba za a sake kira ba. Ku zaunar da kafintan kusa da alƙalai ku tambaye shi. Ku rubuta sunansa a fuskar talabijin kamar yadda kuke rubuta na baƙon alƙali. Changing Rooms ma, duk da gaggawarsa, ya san darajar kafintansa Andy Kane har ya zama sananne a kowane gida. Shirinku na gyaran tsofaffin kaya, The Repair Shop, tun 2017, ya tabbatar da cewa jama'a za su zauna su kalli mace tana warware tsohuwar kujera zare bayan zare ba su ƙosa ba.

Na bar abin da ya fi ci min rai zuwa nan. Garin Rochdale ba shi da nisa da shagona. A can ne yaro Awaab Ishak, ɗan wasu bayin Allah da suka zo daga Sudan, ya rasu a Disambar 2020, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara biyu. A Nuwambar 2022 mai binciken musabbabin mutuwa ta tabbatar da cewa daɗewar da ya yi yana shaƙar funfuna a gidan hayarsu ce ta kashe shi. Mahaifinsa ya kai kuka tun 2017, aka ce masa ya shafa fenti a kai. Ku da kuke sana'ar fenti da launi, ina roƙonku ku tsaya a kan wannan kalmar. Yanzu akwai doka da sunan yaron, wadda ta fara aiki a Oktoban 2025, tana tilasta wa masu gidajen hayar jama'a gyara danshi cikin ƙayyadadden lokaci. Amma doka ba ta shiga ɗakin kowa da daddare kamar yadda talabijin ke shiga.

Ni ma na zauna a irin wannan gida shekaru uku na farkon zuwana. Bangon ɗakin kwana yana zufa tun daga Oktoba, bayan kabad ya yi baƙi ƙirin, kayan sawa suna warin ruma, ƴata tana tari duk hunturu. Ba wanda ya gaya min cewa jingina kabad da bangon waje yana hana iska zagayawa, ko cewa labule mai kauri da ya rufe na'urar ɗumama ɗaki yana tura zafin waje ta gilashi, ko cewa shanya wanki a ɗaki a rufe yana zuba ruwa a iska. Da kaina na koya, bayan na yi asarar katifa biyu. Kuma na koyi cewa akwai danshin da ba dabarar mai haya da za ta magance shi, sai mai gida ya gyara rufi ko bututu, ya kamata mutum ya san bambancin don kada a ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Kusan gida ɗaya cikin biyar a Ingila haya ce a hannun masu gidaje masu zaman kansu, ban da waɗanda ke gidajen ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin gidaje. Yawancinsu ba su da izinin sauya launin bango, wasu ko ƙusa ba za su kafa ba, domin kuɗin ajiyarsu, wanda doka ta yarda ya kai hayar mako biyar, yana hannun mai gida. Waɗannan mutanen suna kallon shirinku. Ina so in ga makon da za ku kai ƴan takara gida mai ɗaki biyu da mutum shida ke ciki, kaka mai ciwon gwiwa, yara uku masu aikin makaranta, uba mai aikin dare da ke buƙatar duhu da rana. A ce musu ba fenti, ba huda bango, ga fam ɗari uku. A nemo inda za a sa takalma, inda yarinya za ta yi karatu, inda tsohuwa za ta shimfiɗa dardumar salla ba a tsallake ta ba, inda wanki zai bushe ba tare da bango ya jiƙe ba. Wanda ya warware wannan ya iya tsara ɗaki, kuma duk otal ɗin da ya ɗauke shi bai yi asara ba.

Uwargida Michelle Ogundehin, ke nake so wannan ya fi isa gare ki. Kin karanci zanen gine-gine, kin shugabanci mujallar Elle Decoration shekaru da dama, kuma a 2020 kin fitar da littafi a kan yadda gida ke shafar lafiyar mai zama a cikinsa. Na sha jin ki kina tambayar ƴan takara wa aka yi wa ɗakin, kina tsawata wa wanda ya bi son ransa ya manta da mai wurin. Tambayar daidai ce. Sai dai a ranar da kike yin ta ba wanda ya isa ya amsa, domin mai wurin bai kwana a ciki ba tukuna, murnar sabon abu ce kawai a fuskarsa, ga kyamara a gabansa, ga wanda ya yi aikin a tsaye yana jiran hukunci. Wane mai kunya ne zai ce bai gamsu ba a irin wannan hali?

Don haka roƙona shi ne ku ƙara kashi ɗaya a kowane zango. Bayan shekara guda ku ɗauki alƙalai da kafintocin da suka yi aikin ku koma wuraren zangon da ya wuce. Ku shiga shagon ba tare da an share an jera muku fure ba. Ku tambayi mai shi abin da ya cire da abin da ya bari, ko ciniki ya ƙaru, ko kujerun sun jure, ko fitilar nan mai kyau tana barinsa ya ga abin da yake yankawa. Ku tambayi mai goge-goge wane lungu ne ke ba ta wahala. Inda aikin ya tsaya da ƙafarsa ku kira wanda ya yi shi ku yaba masa a gaban jama'a, ko da tun mako na uku aka sallame shi. Inda ya lalace ku nuna dalili, ba don a kunyata kowa ba, don yaran da ke kallo irin ƴata su koya, sannan ku gyara wa mai wurin da kuɗinku.

Idan kuka shirya makon gidajen haya kuma kuna neman mai ɗinki, ni da wasu mata biyu da muke aiki tare za mu ɗinka labulen gida ɗaya kyauta, da shafinsa da komai. Sharaɗinmu kawai a aiko mana da awon tagogin mako uku kafin ranar.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya yi muku jagora.

Taku mai kallo,
wata mai ɗinkin labule a Manchester